Fashin Baƙi: Me Ya Sa Manhaja Ke Rikicewa Kan Fayiloli Idan Aka Ƙaurar da Ita Tsakanin Windows da Linux?

Me ya sa manhajar da ta daɗe tana aiki lafiya lau a kan Linux take fara tsallake fayiloli, ko ta riƙa ba da kwanan watan da ba shi ba ne, da zarar an ɗora ta a kan Windows, alhali ba a taɓa dabarar da aka gina ta a kai ba? Me ya sa kuma wadda aka rubuta domin Windows take nuna irin wannan hali idan aka kai ta Linux? Tambayar ba sabuwa ba ce a wajen masu rubuta manhaja, amma ta ƙara yawa a bakin mutane tun da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 tana neman sabon injin sarrafawa da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ke shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu da ɗakunan ɗalibai a nan Sakkwato ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Shi ya sa ake ta ba da shawarar komawa Linux, shi ya sa kuma ake neman matasan da suka karanta kimiyyar kwamfuta, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, su ƙaurar da ƙananan manhajojin da aka saba da su, irin na haɗa sakamakon jarrabawa ko na lissafin kantin magani.

Idan matsala ta taso, abin da aka fi cewa shi ne bairos ya shiga, ko filash ya lalace, ko kuma sabuwar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wato Windows ko Linux, ce ba ta da kyau. Abin da ke ƙarƙashin wannan zato shi ne cewa fayil fayil ne a ko'ina. Dangane da abin da ke cikinsa, haka ne, rubutu ko hoto ba ya sauyawa don an sauya kwamfuta. Amma bayanin da ke tattare da fayil ɗin, wato girmansa da lokacinsa da mai shi da wanda ke da izinin taɓa shi, ya dogara ne kan wanda aka tambaya, kuma a nan ne ƙaurar manhaja ta fi yin tuntuɓe.

## Kira uku da kusan kowace manhaja take yi

Kafin manhaja ta buɗe fayil, ko ta kwafe shi, ko ta goge shi, tana tambayar babbar manhaja halin da yake ciki: shin yana nan, fayil ne ko folda, girmansa nawa, yaushe aka taɓa shi, na wane ne. A gidan Unix, tsohuwar babbar manhajar da Linux da macOS da Android suka gaji ɗabi'unta, ana yin wannan tambaya da kiran da ake ce wa stat, wato buƙatar da manhaja ke miƙa wa babbar manhaja. Kiran yana nan tun fitowar Unix ta farko a 1971, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina a Bell Labs da ke Amurka. Yana da 'yan'uwa biyu. Shi stat suna ake ba shi ya nemo. Shi kuma fstat yana ba da bayanin fayil ɗin da aka riga aka buɗe, ta lambar da babbar manhaja ta bayar lokacin buɗewa. Na ukun, lstat, ya zo ne tare da 4.2BSD, wata fitowar Unix ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1983, lokacin da aka samar da fayil ɗin da ba ya ɗauke da komai sai nuni zuwa wani fayil. Stat yana bin nunin ya ba da bayanin wanda aka nuna, lstat kuwa yana tsayawa a kan mai nunin kansa. Ƙa'idar POSIX, wadda ta fara fitowa a 1988, ita ce ta ɗaure tsare-tsaren gidan Unix a kan magana ɗaya game da stat da gurabensa.

Amsar tana dawowa cikin tsari mai gurabe da ake kira struct stat. Akwai st_mode mai ɗauke da nau'in fayil da izini, da st_size na girma, da st_ino da st_dev na shaidar fayil da faifan da yake kai, da st_nlink na adadin sunayensa, da st_uid da st_gid na mai shi da rukuninsa, sannan lokuta uku. Tarkon shi ne, laburaren harshen C na Microsoft, wato tarin shirye-shiryen da masu rubuta manhaja da harshen C suke dogara da su a Windows, yana da nasa kiran mai suna _stat, da gurabe masu irin waɗannan sunaye. Saboda haka manhajar za ta harhaɗu, wato a mayar da rubutunta abin da kwamfuta ke gudanarwa, ba tare da wani ƙorafi ba, ta tashi, ta yi kamar tana aiki, mai ita ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Sunayen guraben ɗaya ne, amma abin da aka zuba a cikinsu ya bambanta.

## Daga ina amsar take fitowa?

A Linux, kowane fayil yana da wata 'yar rajista a faifai da ake kira inode, mai lambarta, kuma a cikinta ne ake ajiye girma da izini da mai shi da lokuta. Sunan fayil ba ya cikin wannan rajista. Folda ce ke riƙe suna tare da lambar da sunan yake nufi, shi ya sa fayil ɗaya yake iya ɗaukar sunaye biyu ko goma. Za a iya cewa stat ba komai yake yi ba illa karanto wannan rajista.

Windows ba ta da inode. Tsarin ajiyarta na NTFS, wanda ya zo da Windows NT a 1993, yana da babban jadawalin fayiloli da ake kira MFT, kuma ta wasu fuskoki ya fi na Unix na gargajiya cikar bayani, sai dai an tsara shi ne a kan wata manufa dabam. Tsarin FAT kuwa, wanda har yau shi da ƙaninsa exFAT ne ke kan filash da memorin waya da na kyamara, bayit 32 kacal ya ware wa kowane fayil a cikin folda, kuma ba shi da gurbin mai fayil ko na izini ko lambar shaida. Ke nan duk wanda ya rubuta abin da zai kwaikwayi stat a kan Windows, ko ya karanta filash a kan Linux, dole ya cika guraben da asalin ajiyar ba ta san da su ba.

Matsayin wannan mai kwaikwayo matsayin tafinta ne a gaban alƙali. Idan aka tambayi mai shaida abin da bai sani ba, tafintan da ya ce wa kotu mai shaida bai ba da amsa ba ya sauke amanarsa, amma wanda ya ƙago amsa don kada shari'a ta tsaya ya sa an yanke hukunci a kan ƙarya. Yawancin ɓarnar da ke biyo bayan ƙaurar manhaja daga irin na biyun take fitowa.

## Lambar shaidar da ta zama sifili

A Unix, haɗin st_dev da st_ino shi ne shaidar fayil da ba ta maimaituwa a kwamfuta ɗaya. Da shi ne umarnin cp yake gane cewa ana son kwafe fayil a kan kansa sai ya ƙi, da shi ne tar, umarnin da ke tattara fayiloli cikin kunshi ɗaya, yake gane cewa sunaye biyu abu ɗaya suke nufi sai ya ajiye shi sau ɗaya, da shi ne kuma masu zagaya foldoji suke kauce wa kewayawa wuri ɗaya har abada. A _stat na Microsoft, takardun kamfanin da kansu sun ce st_ino ba shi da ma'ana, kuma sifili ake sa masa.

A ɗauka wani mai shagon buga takardu ya sa an kawo masa manhajar ajiyar kwafi da aka rubuta a Linux, domin ta riƙa kwashe aikin kwastomomi zuwa wani faifai kowane dare. Manhajar tana riƙe jerin lambobin da ta riga ta kwafa domin kada ta maimaita. Ta ɗauki fayil na farko, lambarsa sifili, ta kwafe ta rubuta. Ta zo kan na biyu, shi ma sifili, sai ta ce ai ta riga ta kwafe wannan. Haka za ta bi kundin digirin ɗalibai da katunan gayyatar aure da takardun neman aiki, dukkansu ta tsallake, ta kuma rubuta a allo cewa aiki ya kammala ba tare da kuskure ba. Ba wanda zai sani sai ranar da babban faifan ya mutu aka je neman kwafin.

Gyaran yana nan, domin Windows tana da abin da ya yi kama da wannan shaida, sai dai ba ta _stat ake samun sa ba. Ana buɗe fayil ɗin da CreateFileW, a ƙara tutar FILE_FLAG_BACKUP_SEMANTICS idan folda ce, sannan a kira GetFileInformationByHandle, wanda ke ba da lambar faifai da lambar fayil mai bit 64 da adadin sunayensa. Ko nan ma akwai sharaɗi. Sabon tsarin ajiya na ReFS yana amfani da lamba mai bit 128, don haka sai an nemi FileIdInfo ta GetFileInformationByHandleEx. A kan FAT kuwa lambar ba ta dawwama, haka ma lambar da Linux take ƙirƙira wa fayilolin filash tana iya sauyawa idan aka cire aka sake sakawa. Ana iya dogara da ita wajen kwatanta fayiloli biyu a zama ɗaya, amma ajiye ta a rumbun bayanai domin amfanin gobe kuskure ne.

## Lokaci, inda rikicin ya fi yawa

Lokuta uku na struct stat su ne st_atime na karantawa ta ƙarshe, da st_mtime na gyaran abin da ke ciki, da st_ctime. Na ukun ne ya fi yaudarar mutane, har da ƙwararru. A Unix, st_ctime shi ne lokacin da rajistar fayil ɗin ta sauya a karo na ƙarshe, ko ta rubutu, ko ta sauya izini, ko ta sauya mai shi. A _stat na Windows kuwa, lokacin da aka ƙirƙiri fayil ɗin aka zuba a wannan gurbi. Na farko yana motsi duk lokacin da aka sauya wani abu game da fayil, na biyu a tsaye yake.

Illar ta shafi ɓangarorin biyu. Manhajar ajiyar kwafi ta Linux tana duba st_ctime ne domin ta kama fayil ɗin da aka sauya amma aka bar masa tsohon lokacin gyara, kamar wanda aka warware daga kunshin ZIP a kan wani tsohon fayil. A Windows wannan kariyar ba za ta yi aiki yadda aka nufa ba. Manhajar makaranta da aka rubuta a Windows, wadda take ɗaukar st_ctime a matsayin ranar da ɗalibi ya miƙa aikinsa, idan ta koma Linux za ta nuna kowa ya makara a ranar da mai kula da kwamfutar ya gyara izinin fayilolin. NTFS tana da lokacin sauyin rajista na gaskiya, ana samun sa a gurbin ChangeTime na FILE_BASIC_INFO. Linux ma tana iya ba da lokacin ƙirƙira, amma sai ta sabon kiran statx da ya shigo a Linux 4.11 a 2017, kuma sai idan tsarin ajiyar yana riƙe shi. Harshen Python, wanda ɗalibanmu da yawa suke farawa da shi, ya daɗe da wannan harshen damo, har sai a fitowar 3.12 ta 2023 aka samar da st_birthtime a Windows aka kuma fara gargaɗin a daina neman lokacin ƙirƙira a st_ctime.

Ko lokacin ƙirƙirar kansa ba abin rantsuwa ba ne. Idan aka kwafe fayil a Windows, kwafin yana samun sabon lokacin ƙirƙira amma ya riƙe tsohon lokacin gyara, sai a ga takardar da aka gyara a watan Maris amma aka ƙirƙire ta a watan Yuli. Wanda bai san haka ba zai iya zargin abokin aikinsa da maguɗi. Akwai kuma wata ɗabi'ar Windows: idan aka goge fayil aka ƙirƙiri wani da sunansa a foldar cikin daƙiƙa 15, sabon yana gadon lokacin ƙirƙirar tsohon.

Sai batun mafarin ƙirga. Unix tana ƙirga daƙiƙoƙi daga 1 ga Janairu, 1970. Windows tana ƙirgawa daga 1 ga Janairu, 1601, kuma ma'auninta shi ne kashi ɗaya cikin miliyan 10 na daƙiƙa. Tsakanin ranakun biyu akwai shekara 369, wato daƙiƙa 11,644,473,600. Domin mayar da lokacin Windows zuwa na Unix, sai a raba shi da 10,000,000 a cire wancan adadi, ragowar rabon kuma a ninka ta sau 100 a sa ta a gurbin ƙananan ɓangarorin daƙiƙa. Masu gaggawa sukan jefar da ragowar, daga nan sai manhaja irin make, wadda take kwatanta lokutan fayiloli domin ta san wanda za ta sake ginawa, ta kasa bambance fayiloli biyu da aka rubuta cikin daƙiƙa ɗaya. Sunan gurbin ma bai daidaita ba ko a cikin gidan Unix: POSIX ta 2008 ta ce st_mtim, macOS kuwa st_mtimespec take cewa.

FAT ta fi kowa tsauri. Tana ajiye lokacin gyara ne da tsallaken daƙiƙa biyu-biyu, saboda haka fayil ɗin da aka gyara da ƙarfe 10:15:33 zai zauna a filash da 32 ko 34. Manhajar da take neman lokuta biyu su zo daidai za ta ga kusan rabin fayilolin sun sauya, ta sake kwafe su kullum, kuma idan ta intanet ake turawa, datar mai shago ce take ƙonewa. Saboda haka ne manhajojin kwafin fayiloli suka tanadi sassauci kan wannan tazara: rsync yana da zaɓin --modify-window, robocopy kuma yana da /FFT. Bayan haka, FAT ba ta ajiye lokacin duniya na UTC, agogon wurin da aka yi rubutun take ajiyewa ba tare da faɗin wane wuri ba ne. Alhajin da ya ɗauki hoto a Makka da ƙarfe 12 na rana da kyamarar da aka saita a agogon Saudiyya, idan ya saka memorin a kwamfuta a Sakkwato, za ta ɗauka ƙarfe 12 na Najeriya ne, alhali Makka tana gabanmu da awa biyu. Shekarun da FAT take iya rubutawa kuma daga 1980 ne zuwa 2107.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Najeriya da Nijar ba sa sauya agogo tsakanin rani da hunturu, muna gaban UTC da awa ɗaya duk shekara. Tsofaffin fitowar laburaren C na Microsoft sun shahara da kuskuren awa ɗaya a lokutan fayil idan aka sauya agogo a ƙasashen da ke yin haka. Wanda ya gwada manhajarsa a Sakkwato kaɗai ba zai taɓa ganin irin wannan kuskure ba, sai wanda ya saye ta a Ingila ya gani. Lokacin karantawa kuwa, st_atime, bai kamata a gina komai a kansa ba, domin Windows da Linux duka suna rage sabunta shi don sauƙaƙa wa faifai, FAT kuma rana kawai take riƙewa ba awa. Manhajar da har yanzu take ajiye lokacin Unix a bit 32 kuma za ta cika ta juye a ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya.

## Izini da mai fayil

Unix tana bayyana izini da bit tara: karantawa da rubutu da gudanarwa, ga mai fayil, ga rukuninsa, da sauran jama'a. Shi ne ake rubutawa da lambobi irin 644 ko 755. NTFS kuwa jerin izini take amfani da shi, inda kowane mutum ko rukuni yake iya samun layinsa na yarda ko na hani, kuma ba kowane jeri ne yake shiga bit tara ba tare da an yi asarar ma'ana ba. Shi _stat bai ma duba jerin. Yana cewa ana iya karanta kowane fayil, ana iya rubutu sai idan an sa masa alamar karantawa kawai, ana iya gudanar da shi idan sunansa ya ƙare da .exe ko .com ko .bat ko .cmd, sannan ya maimaita wannan amsa ga rukuni da sauran jama'a. A gurbin mai fayil sifili yake sawa, sifili kuma a Unix lambar babban mai iko ce, wato root.

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, domin ya taɓa tsaro. Manhajar OpenSSH, wadda ake shiga wata kwamfuta daga nesa da ita, tana ƙin amfani da mabuɗin sirri idan ta ga wasu na iya karanta shi, kuma manhajoji da yawa suna koyi da ita. Idan aka ƙaurar da irin wannan bincike ta _stat, kowane fayil zai bayyana a buɗe, manhajar ta ƙi tashi, mai ƙaurarwa kuma ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya goge binciken baki ɗaya. Manhajar ta tashi, amma kariyar ta tafi. Abin da ya dace shi ne a sake rubuta binciken da harshen Windows, a karanta jerin izinin, kamar yadda OpenSSH ta Windows take yi. Masu amfani da Git, manhajar da ke bin sauye-sauyen fayilolin aiki, ma suna cin karo da ƙaramin nau'in wannan matsala idan suka ga fayiloli sun sauya daga 100644 zuwa 100755 ba wanda ya taɓa su, kuma domin haka ne aka tanadi saitin core.fileMode.

## Girma, suna da nuni

Gurbin girma mai bit 32 yana tsayawa a bayit 2,147,483,647, kimanin giga biyu, girman da bidiyon biki ko na tafsirin azumi yake wucewa cikin sauƙi. A Linux mai bit 32, stat yana ƙin amsawa da kuskuren EOVERFLOW sai an harhaɗa manhajar da _FILE_OFFSET_BITS=64. A Windows, _stat na yau da kullum bit 32 yake bai wa girma ko da kwamfutar mai bit 64 ce, sai an nemi _stat64. Nau'in lamba na harshen C mai suna long ma bit 32 ne a can, alhali 64 ne a Linux mai bit 64. Haɗarin ya ƙaru ne saboda al'adar ɗaukar duk wata gazawar stat a matsayin fayil ba ya nan. Gazawa tana iya nufin babu izini, ko wata manhaja ta kulle fayil ɗin, ko girmansa ya wuce gurbi, kuma manhajar da ta fassara duk wannan da babu tana iya rubuta sabon fayil a kan wanda yake nan.

Batun suna ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. Linux tana ɗaukar suna a matsayin jerin bayit, yawanci da tsarin rubuta haruffa na UTF-8, Windows kuwa da tsarin UTF-16 take ajiyewa. Kiran _stat mai karɓar bayit yana fassara su ne da tsohon jadawalin haruffan kwamfutar, wanda a kwamfutocin da aka saita da Turanci shi ne Windows-1252, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsa. Malamin da ya sa wa fayil suna Ƙididdigar ɗalibai zai gan shi a folda da idonsa, manhajar kuma ta ce babu shi. Haka sunan da aka rubuta da Larabci ko ajami. Maganin shi ne a mayar da sunan UTF-16 da MultiByteToWideChar a kira _wstat64 ko CreateFileW. Bai dace a ce wa mutane su daina rubuta harshensu daidai saboda kasalar mai manhaja ba. A ɗaya ɓangaren, Windows ba ta bambance Sakamako da sakamako, Linux kuwa fayiloli biyu take ɗaukar su, don haka manhajar da ta saba da sakacin manyan haruffa za ta rasa fayilolinta bayan ƙaura.

Shi lstat ba shi da takwara a laburaren Microsoft. Ana kwaikwayonsa ta buɗe fayil da FILE_FLAG_OPEN_REPARSE_POINT a duba alamar da ke kansa, domin mahaɗin folda, wato foldar da ke nuni zuwa wata folda, da ya zo da Windows 2000 dabam yake da fayil mai nuni irin na Unix da ya zo da Windows Vista, gajeriyar hanya mai .lnk kuwa fayil ne na yau da kullum. Manhajar goge folda da ta kasa gane mahaɗi tana iya bin sa ta goge abin da ba a sa ta ba.

## Saɓanin masu sana'ar

Masu rubuta manhaja ba su haɗu a kan hanya ɗaya ba. Wasu suna ganin a gina cikakken gidan Unix a cikin Windows, kamar yadda Cygwin take yi tun 1995, tana fassara jerin izini zuwa bit tara da lambobin masu fayil. Hujjarsu ita ce manhajar ba ta buƙatar gyara sosai. Masu suka kuma suna nuna nauyi da jinkiri, domin kiran da yake da arha a Linux ya koma buɗe fayil da tambayoyi da dama. Wasu sun fi son siririn kwaikwayo mai cika guraben da manhajar take buƙata kaɗai, kamar yadda Git ta Windows ta rubuta nata lstat domin umarnin git status, wanda ke tambayar halin kowane fayil a aiki, ya yi sauri. Wasu kuma suna cewa a bar struct stat gaba ɗaya a yi tambayar da ake nufi kai tsaye, da abubuwa irin std::filesystem::equivalent na C++17, ko Files.isSameFile na Java, ko os.SameFile na Go.

Ni ina tare da na ƙarshen a duk inda aka samu dama, saboda yana tilasta wa mai ƙaura ya bi kowane wurin da aka kira stat ya tambayi abin da marubucin farko yake son sani. Sau da yawa za a tarar ba lambar inode yake so ba, so yake ya san ko sunaye biyu abu ɗaya ne. Inda kwaikwayo ya zama dole kuwa, ma'aunin ingancinsa shi ne yadda yake yi da abin da bai sani ba. Kiran statx yana dawo da gurbin stx_mask mai faɗin guraben da aka cika da gaske. Harshen Rust yana dawo da kuskure idan aka nemi lokacin ƙirƙira a inda babu shi. Java kuwa, a irin wannan hali, takardunta sun yarda a mayar da wani lokaci a madadinsa, yawanci na gyara, kuma wanda bai karanta ba zai ɗauka gaskiya aka faɗa masa.

## Abin da ya shafi mai shago da malamin makaranta

Wanda ba ya rubuta manhaja ba ya buƙatar haddace sunayen gurabe, amma shi ne yake ɗaukar asarar, don haka yana da haƙƙin neman a gwada masa aikin a gabansa kafin ya biya. Gwajin ba ya cin kuɗi: fayil mai ƙ da ɗ a sunansa, bidiyon da ya wuce giga biyu, fayiloli biyu da sunansu ya bambanta da babban harafi kawai, fayil ɗin da yake buɗe a wata manhaja, da kwafi zuwa filash sau biyu a jere domin a ga ko karo na biyu zai sake kwashe komai. Idan manhajar ajiyar kwafi ce, a ƙirga fayilolin ɓangarorin biyu, a kuma dawo da wasu daga cikinsu a buɗe su.

Kada a goge tsohuwar kwamfuta sai an kwatanta fayilolin da lissafin tantancewa irin SHA-256, mai nuna ko kwafi ya yi daidai da asali, wanda sha256sum yake yi a Linux, Get-FileHash kuma a Windows. Sai dai wannan lissafi abin da ke cikin fayil kawai yake tabbatarwa, bai san lokaci ko izini ko mai fayil ba. Saboda haka duk ranar da za a iya buƙata a matsayin hujja, kamar ranar miƙa aikin ɗalibi ko ranar fitar da rasidi, a fitar da ita daga tsohuwar kwamfutar tun kafin ƙaura, a rubuta ta cikin rumbun bayanan manhajar da lokacin UTC, sannan a fara kwafin.